Aikin dasashi da lesa: yadda ake yi da yadda za ka kula da bakinka

Kafin lesa, wato na'urar da ke yanka da haske mai ƙarfi, ta taɓa dasashi, sai an kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori, don hasken ba ya maye gurbin wannan aikin. In kana da ciwon suga, faɗa wa likita tun farko, ko a asibitin koyarwa na Shika ne ko a wani asibiti cikin Zariya.

Za a kashe zafin wurin, kai da likita ku sa tabarau na kariya. Siririn bakin na'urar yana yanke naman da ya kumbura, yana toshe ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa jini kaɗan ne, ɗinki ma ba kasafai ba. Haɗarin yana wajen daɗewar hasken a wuri guda, domin zafinsa na iya ƙona ƙashi ko saiwar haƙori.

Bayan awa 24, riƙa kurkure baki a hankali da rabin ƙaramin cokalin gishiri cikin kofin ruwan ɗumi, sau uku a rana. Sha koko da ya huce ko fura da nono. Tsire, yaji, goro da sigari su jira mako guda, asuwaki kuma kada ya taɓa wurin.

Farin da zai rufe mikin ba mugunya ba ce, kada ka kankare shi. Zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa ko jinin da ya ƙi tsayawa kuwa, koma asibiti ranar.