Yadda za ka gano abin da ya kai ƙasa yaƙin da ba a gidanta ake yi ba

In kana so ka san me ya sa ƙasa ta tsallaka teku ta shiga faɗan wasu, kar ka fara da jawabin shugabanta, ɗauko kalanda tukuna. Mu gwada da Amurka a yaƙin duniya na ɗaya.

Rubuta ranar da aka ce an tsokane ta da ranar da ta shiga, ka duba tazarar. Da yawa za su ce maka ai nutsar da Lusitania ne, jirgin fasinja na Ingila, to Jamusawa sun nutsar da shi ran 7 ga Mayun 1915, Amurkawa 128 suka mutu, amma Amurka ba ta shelanta yaƙi ba sai 6 ga Afrilun 1917, kusan shekara biyu fa, a tsakanin ma shugabanta Woodrow Wilson ya sake cin zaɓe a 1916 magoya bayansa na ta tallar shi ne ya hana a jefa su yaƙi. Kenan Lusitania ta bar tabo ne kawai.

Sai ka tambaya, me ya canja daf da shigar? Nan ne za ka daɗe. Ran 1 ga Fabrairun 1917 Jamus ta koma nutsar da duk jirgin da ya doshi Ingila ko na waye, a Maris kuma jiragen kasuwancin Amurka suka yi ta tafiya ƙasan teku. Ga kuma saƙon Zimmermann, ministan harkokin wajen Jamus, da Ingila ta tare ta miƙa wa Amurka, yana cewa Meziko ta haɗa kai da su a taimaka mata ta ƙwato Texas da New Mexico da Arizona, wannan kam wuta ce a bakin ƙofa, shi kuma da bakinsa ya amsa cewa saƙon nasa ne. A Maris ɗin ne kuma sarkin Rasha, ƙawar Ingila da Faransa a yaƙin, ya sauka, abin da ya sauwaƙe wa Wilson cewa don dimokuraɗiyya ake yi.

Kar ka tsallake kuɗi, a ganina nan aka fi yin shiru. A 1915 kaɗai bankin J.P. Morgan ya haɗa wa Ingila da Faransa bashin dala miliyan 500, in suka sha kashi wa zai biya?

Daga nan leƙa majalisa. Dattawa 82 suka amince a shiga yaƙin 6 suka ƙi, wakilai 373 da 50. Nemi maganganun waɗanda suka ƙi ka karanta, irin su Sanata George Norris da ya ɗora laifin kan masu kuɗin Wall Street.