Babi na Bakwai: Rubuta Abin da Ka Sa a Gaba

Darasi na 1

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ta Bauchi Road a nan Jos ya san cewa tun bai ajiye jakarsa ba 'yan kamasho za su tare shi da tambayar inda za shi. Ba wanda yake ce musu "gaba kawai", domin motar Bauchi daban take da ta Gombe, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. A wannan babi za mu koyi yi wa aikinmu irin wannan tambaya, mu kuma rubuta amsar. Amsar ita ake kira manufa, wato abin da mutum ya sa a gaba yake so ya cim ma.

Ku buɗe sabon shafi. Jan layin da ya sauko ta gefen hagu shi ne iyaka, daga jikinsa ake fara rubutu a nufi dama, saɓanin ajami da wasunku suka saba da shi. A layin farko ku rubuta kwanan wata, rana da farko sannan wata. Idan kun ga 5/11, ana nufin ranar 5 ga wata na 11, wato Nuwamba. Ku tsallake layi ɗaya, ku rubuta MANUFATA da manyan haruffa. Wanda hannunsa yake rawa kada ya damu, fensir muke amfani da shi, kuma akwai magogi.

Darasi na 2

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a kansa. Manufa ba ta cika sai ta amsa tambaya uku: mene ne, nawa ne, kuma yaushe. Ku maimaita da baki sau uku kafin ku taɓa fensir.

A ajin bara wata baiwar Allah mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada ta rubuta mini cewa, "Ina so in samu ci gaba." Rubutunta ya yi kyau ƙwarai, na kuwa yaba mata, amma na ce, "Hajiya, idan ci gaban nan ya zo ya tsaya a gaban rumfarki, da me za ki gane shi?" Ta yi dariya, ta yi shiru, can ta ce ita dai so take ta daina karɓar kaya bashi a hannun dillali, ta riƙa saye da kuɗinta. Mun sami amsar tambaya ta farko ke nan. Na tambaye ta nawa, muka yi lissafi tare. Na tambaye ta yaushe, ta ce in Allah ya yarda. Na ce mata dukkanmu da yardar Allah muke tafiya, amma manomin dankali a Bokkos, duk da tawakkalinsa, ya san watan da yake shuka. Daga ƙarshe ga irin abin da ya kamata a gani a shafi: "Zan tara N24,000 na jarin kabeji kafin 31 ga Disamba, in sha Allahu."

Ku duba jimlar nan da yatsa. Jarin kabeji shi ne mene ne. N24,000 shi ne nawa ne. 31 ga Disamba shi ne yaushe. Yanzu kowa ya rubuta tasa a ƙarƙashin MANUFATA, sannan ya ja layi a ƙarƙashin lamba, ya ja wani a ƙarƙashin rana. Idan ba ka sami abin ja wa layi ba, to fata ka rubuta, sai ka goge ka sake. Babu abin kunya a gogewa, ni ma ina gogewa a allo a gabanku kullum.

Mai salla ba ya tsayawa da niyyar yin wata salla haka kawai, ya san azahar ce zai yi, ya kuma san raka'a huɗu ce. Ashe kun daɗe da sanin wannan darasi, rubuta shi ne kawai sabo a gare ku.

Ku sake dubawa. Akwai lamba? Akwai rana? Kalmomi irin su "da yawa", "nan gaba" da "kwanan nan" ba su shiga wannan shafi. Tela kada ya rubuta "zan gama ɗinkin mutane", ya rubuta "zan gama riga 12 kafin ranar Alhamis". Mai tuyar ƙosai kada ta rubuta "zan ƙara ciniki", ta faɗi mudu nawa na wake za ta kai niƙa.

Dole in faɗa muku gaskiya a nan. Duk shekara sai na yi wannan bayani har muryata ta dushe, amma washegari in karɓi littattafai in tarar da rabin aji sun rubuta "Allah ya ba mu sa'a" sun rufe shafi. Addu'a ce mai kyau, amma ba ita na tambaya ba. Mutumin da yake ƙirga canji a kasuwar Terminus ba tare da kuskuren naira ɗaya ba, bai kamata ya ce mini lamba tana ba shi wahala ba. Wannan ganda ce, kuma duk littafin da ya zo babu lamba babu rana zan mayar wa mai shi. Haka nan masu jero mini manufa biyar a shafi ɗaya, sayen keken ɗinki da gini da aurar da 'ya duk a wata guda, su tuna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Guda ɗaya na ce.

Darasi na 3

Yanzu za mu raba manufa zuwa aikin yini. Idan mai kabeji tana ajiye N500 kullum, kwana 6 a mako, ta sami N3,000 a mako, kuma cikin mako 8 ta haɗa N24,000. Tela mai riga 12 da kwana 6 a gabansa zai ɗinka 2 a kullum. Masu yin adashi sun san wannan lissafi sarai. Kowa ya rubuta rabonsa na yini a ƙarƙashin manufarsa, da lamba, kada a manta da lamba.

Darasi na 4

Kowane dare, bayan sallar isha ko kafin a kwanta, a buɗe shafin. Idan an cika aikin ranar a sa alamar maki, idan ba a cika ba a zana ƙaramin da'ira, a rubuta dalili da kalma ɗaya ko biyu, kamar "biki", "ruwa" ko "rashin lafiya". Da'ira uku a jere tana nuna cewa rabon yinin ya yi yawa, sai a rage shi a ɗaga ranar.

Darasi na 5

Kowa ya karanta wa na kusa da shi manufarsa, shi kuma ya nuna masa lamba da rana da yatsa. A kawo littattafai ranar Litinin, kuma a zo da fensir a feƙe.