Yadda za ki rubuta labarin bayan rushewar duniya, jarumarki kuma 'yar Daura

Abu na farko, kar ki kira shi tashin alƙiyama. Wallahi kina saka shafin farko a WhatsApp masu karatu za su taso maki da wa'azi, kuma da gaskiyarsu, bayan ƙiyama ai babu sauran labari. Duniyar mutane ce ta lalace: wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, fetur ya ƙare, waya ta zama abin wasan yara, saura 'yan tsirarun mutane. Ki zaɓi dalili ɗaya tak, fari ko annoba ko aljanu sun ƙwace daji, kar ki haɗa duka ukun miya ta yi gishiri.

Daga nan sai ki tambayi kanki, ina suke samun ruwa? Duk labarin a nan yake. Mu 'yan Daura ma mun ci sa'a, tun muna yara ake ba mu labarin rijiyar Kusugu da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, gari guda a hannun abu ɗaya, kuma mace ce ke mulki, Daurama. To ki juya shi mana, shekara 200 nan gaba duk rijiyoyi sun ƙafe sai Kusugu, wani abu ya sake tarewa a ciki, wannan karon kuma babu baƙon da zai zo kan doki da takobi, yarinya ce 'yar shekara 16 mai tallar fura za ta sauka.

Wajen ƙarfinta ne yawanci ake kwafsawa. Sai ki ga an ba yarinya takobi tana sare ƙarti goma ba ko haki, ni dai nan nake ajiye littafi. Ki ba ta sani. Ta san hanza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, ta san tafasa da yaɗiya da aduwa da goruba, ta san gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka in ta ga ya yi kore shar cikin watan da ya kamata a ce ana ruwa, ta gane da matsala tun kafin manya su farga. Je ki zauna da kakarki ta ba ki labarin farin 1973, abin da suka ci da wanda suka sayar, ya fi duk abin da za ki tono a intanet.

Sannan ki bar mata aibi. Taurin kai, ko rowa, ko ƙanen da take goyo wanda ke hana ta gudu. Tsafi ma ki sa mashi farashi, duk sanda aljanar tsamiya ta nuna mata ruwa sai ta manta sunan mutum ɗaya da take so.

Soyayya kuwa 'yar kaɗan ta isa, kar saurayi ya zo ya ƙwace labarin.

In za ta yi tafiya ki sa ta nufi Katsina a ƙafa, ta hango hasumiyar Gobarau tsaye cikin yashi ya binne rabin Kofar Sauri, ki tsayar da shafin daidai nan, sai gobe da daddare ki saki na gaba.