Yadda ake cika famfon rijiya mai zurfi da ruwa kafin a tayar da shi

Jama'a da zarar watan Maris ya kama, zafi ya sauka a Marwa da Kusiri har Njamena, ruwan ƙasa sai ya ja baya, ko'ina kaji ana cewa famfo na juyawa amma shato, wato tankin ruwa na sama, babu ko ɗigo. Toh kafin a kira mai gyara, ɗan uwa ka fara sanin wane irin famfo ne a gidanka. Wanda ake zurawa gaba ɗayansa cikin foraj, wato rijiyar burtsatse, ba ruwansa da cikawa tunda a cikin ruwa yake kwana, shi dai kar a ja shi da wayar wuta, kar kuma ruwa ya sauka ya barshi a sarari. Maganarmu akan wanda ke zaune a bakin rijiya ne. In tiyo ɗaya gareshi ba zai jawo ruwan da ya wuce mita 7 ko 8 ba ko doki nawa ne ƙarfinsa, in zurfin ya fi haka sai mai tiyo biyu, ɗaya na tura ruwa ƙasa ɗayan na dawowa dashi sama, irinsa yakan kai wajen mita 25.

Ka kashe wuta daga dijonktar, wato babban makashin wutar gida, tukuna, ba wai makunnin bango kaɗai ba, don famfo mai presosta, wato na'urar da ke kunna shi in matsi ya sauka, yana iya tashi da kansa hannunka na ciki. Sai ka buɗe robine ɗaya, wato bakin ɗibar ruwa, matsin da ya rage ya fita. A saman kan famfon akwai wani ɗan murfi mai zare, kwance shi da sifana, ka sa mazurari ka fara zuba ruwa mai tsabta, ba ruwan mayo, wato rafi, mai yashi ba dan Allah, yashi shi ke toshe ɗan bakin da ke can ƙasa inda tiyo biyun suka haɗu, wanda ke harba ruwa sama.

Nan ne mutane suke gaggawa. Kan famfon ya cika sai a ce an gama, alhali tiyo biyu ne masu tsawon mita ashirin da wani abu suke jiran ruwa, zasu iya shanye bokiti biyu ko fiye. Ka zuba a hankali, zakaji yana ɓul-ɓul kumfa na fitowa, ka dakata ruwan ya sauka ka ƙara, ka ɗan bubbuga tiyon da hannu iskar da ta maƙale ta hau, haka zaka yi ta yi har ruwa ya tsaya cak a bakin ramin. Sannan ka barshi kamar minti biyar kana kallo. In bai motsa ba Alhamdulillah. In kaga yana zurarewa ƙasa to kilafen da ke can ƙarshen tiyo, wanda ke hana ruwa komawa rijiya, baya riƙewa, ko wani mahaɗi na yoyo, kuma wallahi ko randa goma ka zuba aikin banza ne sai an ciro tiyon an duba. Sau da yawa ɗan tsakuwa ne kawai ya tsaya a bakin robar.

Idan ya riƙe, naɗa teflon, wato siririn farin tef ɗin hana yoyo, a zaren murfin ka ɗaure da kyau amma kar ka matse har ya tsage. Ka rufe bawul ɗin fitar ruwa ko ka barshi a buɗe kaɗan, ka goge hannu, takalmin roba a ƙafa, ka kunna idonka na kan agogon matsi. Allurar ya kamata ta fara hawa nan da nan, in ta hau ta tsaya sai ka buɗe bawul kaɗan-kaɗan, ka buɗe da yawa lokaci ɗaya matsin ya faɗi ruwan ya tsinke sai an koma farko. In minti ɗaya ya wuce allura na kwance ka kashe, ka sake cikawa, yin haka sau biyu ko uku ba komai bane. Abinda ke kashe famfo shine a barshi yana ta gudu a bushe wai ko zai kama, hatimin da ke tsakanin moto da ruwa, wato zoben da ke hana ruwa shiga moto, da ruwan yake samun sanyi, in babu sai ya ƙone. Kuma famfon da ya daɗe yana gudu haka kar ka kwance murfinsa sai ya huce, ruwan ciki yana tafasa ya watso maka a fuska.

In ka kunna kaji moto na gurnani bai juya ba, kashe maza. Ko dai ya cije don ya daɗe a zaune, sai ka juya fankar baya da sukudireba wuta a kashe, ko kuma kondansatar, wato na'urar da ke taimaka wa moto tashi, ta mutu.

Masu gurup, wato janareta, moto yana jan wuta ninki da yawa lokacin tashi, shi yasa ake so gurup ɗin ya ninka ƙarfin famfon sau biyu zuwa uku. Ka tada gurup ya daidaita kafin ka kunna famfo, in an gama famfo ake fara kashewa. Wayar ƙasa kuma a haɗa ta da jikin moton, a sa diferansiyal na 30 mA, wato makashin da ke yanke wuta da kansa in ta fara zurarewa, musamman inda yara ke zuwa ɗibar ruwa ƙafa ba takalmi.