Sai ka yarda zai yi maka aiki? Kurakuran da aka fi yi kan warkarwa da ɗora hannu

Reiki, wanda Mikao Usui ya fara koyarwa a Japan a 1922, da sauran danginsa, da'awarsu ɗaya ce: wai akwai wani ɓoyayyen ƙarfi a jikin mutum, mai magani ya ɗora hannu ko ya riƙa zagaya shi kusa da jiki, ya daidaita shi. Yardar majinyaci tana da tasiri, babu shakka. Inda ake tafka kuskure shi ne a kan me take tasirin.

Mafi yawa shi ne ɗaukar jin sauƙi a matsayin warkewa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard sun gwada masu ciwon asma: wani zuwan a ba su abin shaƙa na gaske, wani zuwan na bogi. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun samu kusan ɗaya ne. Amma da aka auna numfashinsu da na'ura, na gasken ya ƙara shi da kimanin kashi 20 cikin ɗari, na bogin kuwa kashi 7, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Mai asma da ke jin garau alhali huhunsa a shaƙe yake, yana cikin haɗari. Gyaran shi ne awo: mai hawan jini ya auna jininsa, mai ciwon suga ya duba sugansa, kafin zuwa da bayan dawowa.

Sai kuma jingina sauƙin ga ɓoyayyen ƙarfin nan. An daɗe da gwada wannan. A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamiti, har da masana kimiyya Benjamin Franklin da Lavoisier, don binciken hanyar Franz Mesmer, wani likita da shi ma yake da'awar warkarwa da irin wannan ƙarfin. Suka rufe wa mutane ido. Wanda aka ce ana yi masa aiki sai ya hau kakkarwa ko da ba a yi komai ba, wanda aka yi wa a ɓoye kuwa ko gezau. A Amurka wata yarinya, Emily Rosa, tana da shekara 9 ta gwada masu wannan sana'a 21, ta sa shamaki tsakaninsu, ta ce su faɗi wane hannunsu nata ya kusanta. Cikin gwaji 280 sun dace a kashi 44 cikin ɗari, ko canki-canka bai kai ba. Mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon a 1998.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne ɗora wa mara lafiya laifi: "Ai ba ka saki zuciyarka ba ne." In an samu sauƙi aikin mai magani ne, in ba a samu ba laifinka ne, yaushe zai taɓa faɗuwa? Jariri bai san me ake ɗura masa ba, amma maganin zazzaɓin cizon sauro yana yi masa aiki. Tun kafin ka biya, tambaye shi me zai canza, cikin kwana nawa, kuma da me za a gane abin bai yi ba.

Masu cewa duk shirme ne su ma sun zarce. Awa guda a kwance, ana kula da kai, ana sauraronka, tana iya rage damuwa da raɗaɗin ciwo, kuma wannan sauƙin ba ƙarya ba ne.

Mai kisa a cikin kurakuran shi ne barin asibiti. Wani binciken Jami'ar Yale da ya fito a 2018 ya gano cewa masu cutar daji da suka dogara da magungunan gefe kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka bi maganin asibiti sau biyu da rabi. Mai son Reiki ya sanar da likitansa, ya ci gaba da shan maganinsa. Duk mai ɗora hannun da ya ce ka ajiye ƙwayoyinka don su ke tare aikin, kada ka koma wurinsa.