Yadda na gyara halin karena na farauta idan ya haɗu da wasu karnuka

Duna kare ne mai ƙwazo, zomo ba ya tsere masa. Amma da zarar na kwance masa igiya a fadamar Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima, ya hango karnukan makiyaya, ko na tsage maƙogwaro ba ya waiwayowa. Ran da ya dawo da kunne a yage, abin ya tsaya mini a rai.

Wani tsohon mafarauci ya ce da ni, "Ɗana, kana kiransa bayan ya riga ya tafi. Kira shi tun yana shawara."

Sai na samo igiya mai tsawon kamar mita 10, na cika aljihu da ƙuli-ƙuli. Idona na kan jikinsa. Kafin ya zabura yakan ƙame, kunnuwa a tsaye, wutsiya ta miƙe, gashin bayansa ya tashi. Nan take nake yin fito sau ɗaya. In ya juyo, ga ƙuli-ƙuli. In ya ƙi, na jawo shi a hankali, ba duka ba tsawa. Duka a gaban baƙon kare ƙara masa zafi yake yi. Kuma ba ma tunkarar garke gaba da gaba, kewayewa muke yi, don karen kiwo dukiyarsa yake tsaro.

Da asuba muke fita, kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Yanzu a sake yake tafiya, sai kusa da ruga nake ɗaure shi. Na kuma kai shi asibitin dabbobi an yi masa allurar ciwon haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara.