Kurakuran da masu fara haɗin fata na Ayurveda ke maimaitawa

Na gaji da jin "ai ganye ne, ba ya cutarwa". Wannan maganar ce ta ƙona min fuska.

Wata mai sayar da kayan gyaran jiki ta ba ni man bakuchi, man 'ya'yan wani tsiro na Indiya, wai yana goge tabo. A Indiya masu maganin Ayurveda, wato maganin gargajiyarsu, suna ba da shi ne ga mai ciwon da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari, kuma da awo suke bayarwa, domin akwai sinadarin psoralen a cikinsa, wanda ke sa rana ta ci fata fiye da ƙima. Ni ko na lafta shi da safe na fita kasuwa cikin zafin watan Afrilu. Kafin la'asar kumatuna sun yi bororo kamar an watsa min tafasasshen ruwa. Wata huɗu ina yawo da baƙin tabo wanda ya fi na farko muni. Yanzu bakuchi ba ya shiga ɗakina. Duk wani sabon mai kuma, sai na ɗiga shi a cikin hannuna ta ƙasan gwiwa na jira kwana biyu. Ke da kika matsa lemon tsami a haɗinki kika fita rana, hanya ɗaya muka bi, don shi ma haka yake ƙonawa.

Sai kurkur. Haba 'yar uwa, cokali biyu a fuska ɗaya, miya za ki yi? Ubtan da ake shafa wa amaren Indiya, kamar yadda muke dilka, garin waken besan ne ya fi yawa a ciki, sai madara ko kindirmo, kurkur ɗan kaɗan. Ni bakin ƙaramin cokali nake sawa, da dare. A jihar Kerala ta Indiya ma kasturi manjal, wani nau'in kurkur, suke nema, don bai kai na girki rina fata ba.

Multani mitti, yumɓun da ya ci sunan birnin Multan na Pakistan, na mai maiƙon fuska ne. Kada ki bari ya bushe har ya tsattsage, kuma da hunturu ki ajiye shi.

Man dogon yaro ba a shafa shi tsura, a sirka da man kwakwa ko na riɗi. Garin ganyensa kuwa, ban ga dalilin sayen na kwali ba: bishiyar daga Indiya aka kawo ta, ga ta a ƙofar gidanku. Ki shanya a inuwa ki daka.

Ƙwayoyin "wanke jini" da ake haɗawa da man, ba na sha. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an gwada magungunan Ayurveda 70 da ake sayarwa a Boston ta Amurka, aka samu dalma, zaiba ko asanik a cikin 14. Kwalbar da babu sunan kamfani da jerin abin da ke ciki, a kantin nake barinta.